Ya Ce "To", Na Rubuta Ya Yarda

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan shafi. Ni tsohon malamin makaranta ne, na daɗe da ajiye alli, yanzu ba ni da aiki sai zaman ƙofar gida da faɗa da jikoki. A shekarun da suka rage kaɗan a ba mu mulkin kai, ni ne hedimasta a wata makaranta a ƙasar Bebeji. Ba zan faɗi garin ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa ba, domin mutanen da abin ya shafa suna da zuri'a. A lokacin ban cika shekara talatin ba, ina da keke, ina da agogon hannu, ga alƙalami mai shan tawada maƙale a aljihun gaba. Kaina kuwa ya kumbura, har ina ganin daga Ƙofa zuwa Kiru babu wanda ya kai ni sanin abin da ya dace da ɗan wani. Mutanen gari ma sun taya ni lalacewa. In wasiƙa ta zo, ni ake kawo wa in karanta. In an kira mutum birni, ni zai tambaya ko ya tafi da babbar riga. Dattijon da ya yi jika da ni sai ya tuɓe takalmi a ƙofar ofishina. Da haka na manta cewa ni ma ina iya yin kuskure.

Cikin ayyukan hedimasta a zamanin akwai wani da ba shi da suna, babu kuma wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana shi. Duk ƙarshen shekara takarda kan zo daga birni da guraben horo ga yaran da suka gama ajin ƙarshe. Wani a koya masa malanta, wani aikin gona, wani duba-gari, wani asibiti, wani dabbobi. Guraben kaɗan ne, wata shekarar biyu, wata uku, kuma wanda ya shiga ɗaya ya shiga ke nan, babu juyawa. Hedimasta shi ke duba yara, ya ba su shawara, ya cike fom. A ƙasan fom ɗin akwai layi guda inda zai rubuta ko yaro da mahaifinsa sun yarda, sannan ya sa hannu. Yau na ji an ce har karatu ake yi na ba wa matasa shawarar sana'a, da dokokinsa da ƙa'idojinsa. Mu dai a lokacin ƙa'idarmu ita ce abin da ranmu ya ba mu.

Akwai wani yaro a ajin ƙarshe, ɗan Fulanin da suka daɗe da zama a wajen Badafi, suna noma dawa, suna kuma riƙe da shanu. Shi ne ɗan fari a gidansu. Zai kai shekara sha shida, don a zamanin ba a sa yaro boko da wuri. Siriri ne, dogo, ba ya magana sai an tambaye shi, in an tambaye shin ma sai ka matsa kunne. Amma a takarda babu mai kama ƙafarsa, musamman lissafi da darasin tsafta. Akwai wani abu game da shi da kowa ya sani, ni ma na sani, ba zan yi ƙarya in ce ban sani ba. Duk ranar da aka tashi makaranta, ba a filin wasa za ka same shi ba, sai a ɗakin shan magani na garin, yana wanke wa malamin asibiti kwalabe, yana tafasa ruwa, yana riƙe ƙafar mai gyambo ana wankewa. Yaran da suka ji ciwo a makaranta wurinsa suke zuwa kafin su zo wurina. Sau ɗaya har na yi masa bulala shida don ya makara, ashe an kawo wani manomi da gatari ya sare, ya tsaya riƙe shi ana ɗinki. Bai faɗa mini dalili ba, daga baya na ji a bakin malamin asibitin.

A shekarar gurbi biyu aka ba mu, ɗaya na horon asibiti, ɗaya na horon dabbobi. Ko makaho aka ba wa fom ɗin ya san inda zai sa wannan yaro. To amma a ajin akwai ƙanin matata, wanda yake zaune a gidana tun yana ƙarami. Ba daƙiƙi ba ne, ba kuma haziƙi ba, yana nan dai tsaka-tsaki. Aikin asibiti kuwa shi ne aikin da ake tashi tsaye a gaida mai shi. Ina so mai karatu ya gane wani abu, domin shi ne ya fi ci mini rai har yau. Matata ba ta roƙe ni ba. Surukaina ba su aiko kowa ba. Da sun matsa mini ma da na sami wanda zan ɗora wa laifi. Ni kaɗai na zauna na hango ranar da zan je gaida surukina in ji ana cewa ai mijin yarinyar nan ne ya tsaya wa yaron ya zama malamin asibiti. Wannan yabon da ba a yi ba tukuna, shi na saya da rayuwar ɗan mutane.

Ban ce wa kaina son kai nake yi ba, ai babu mai faɗa wa kansa haka. Hujja na nemo, na kuma same ta a sauƙaƙe. Na ce Bafulatani ne, a cikin shanu aka haife shi, ya san saniya tun daga ƙaho har wutsiya, yana jin Fulatanci, to wa ya fi shi dacewa da aikin dabbobi? Na maimaita wannan magana a raina har ta zama gaskiya, har na fara jin cewa alheri nake shirin yi masa. Na faɗa wa sauran malamai, suka ce lallai hedimasta ya hango nesa. Ɗaya ne kawai, wani dattijon malamin Arabiyya, ya tambaye ni ko na ji ta bakin yaron. Na ce masa zan ji, ai don haka aka yi layin ƙasan fom.

Na aika a kira mahaifinsa ranar kasuwa. Ya zo da sandarsa da malafa, ya gaishe ni da ladabin da ya fi ƙarfin shekaruna. Na sa aka kira yaron, na zaunar da su a benci guda a ofis. Tun daga nan ya kamata in ga alama. Uban ya matsa can ƙarshen benci ya juya fuskarsa wajen ƙofa, yaron kuwa ya ƙi zama a bencin, ya durƙusa a ƙasa ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki na yi ta zuba kusan rabin sa'a. Na yi bayanin darajar malamin dabbobi, da kakin da zai sa, da keken da za a ba shi, da yadda zai ceci garken danginsa daga cutar bushiya. Ko sau ɗaya ban ambaci cewa akwai gurbin asibiti ba. Da na gaji, sai na dubi uban na ce yaya ya gani. Bai juyo ba, ya ce duk abin da Malam ya gani shi ne daidai, Allah Ya sa albarka. Na dubi yaron na ce kai fa, ka ji ko? Na sake tambaya da ɗan tsawa. Sannan ya ce, "To."

Edita, ni ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Na tashi da Fulani, na san Bafulatani ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya kallonsa a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da al'amarinsa ko da ransa yana ƙuna. Kunya ce, suna kiranta fulako, kuma a wurinsu ita ce mutunci. Na san ɗan fari ba ya ɗaga murya a gaban ubansa, balle ya musa wa malaminsa uban yana zaune. Wanda ke son jin cikin irin wannan yaro, kakarsa yake nema, ko kawunsa, ko ya ja shi gefe su biyu. Sannan ko a tsakaninmu Hausawa, wa bai san "to" ba? Akwai "to" ta na yarda, akwai "to" ta na ji, akwai ta ba ni da yadda zan yi, akwai ta ka gama in tashi. Matata takan ce mini "to" in kwana ina tunanin laifin da na yi. Duk na san wannan. Na haɗa uba da ɗa a ɗaki ɗaya ne domin na san a haka babu wanda zai iya cewa a'a. Na tsoma alƙalami na rubuta cewa yaro ya yarda, mahaifinsa ya yarda, na sa hannu da irin sa hannun nan nawa mai wutsiya da nake taƙama da shi.

Bayan kwana kamar goma, ina cikin aji sai aka ce wata tsohuwa mai nono tana nemana. Na ce a ce mata ba ma saye. Aka dawo aka ce ta ce ba talla ta zo ba. Na fito na tarar da ita ta sauke ƙwarya a gindin bishiyar makaranta, 'yar ƙaramar tsohuwa, Hausarta tana gauraye da Fulatanci. Ita ce kakar yaron. Bayan doguwar gaisuwa ta ce angonta, haka take kiransa da wasan jika, ya je gida ya kwana biyu bai ci tuwon kirki ba, sai da ta tsare shi a bayan ɗaki ya faɗa mata abin da ke damunsa. Ta ba ni labarin da ban taɓa tambaya ba. A shekarar da sanƙarau ya shigo musu, uwar yaron da ƙanwarsa suka kwanta rana ɗaya. Shi aka tura da gudu ya kira malamin asibiti. Kafin su iso uwar ta cika, amma ƙanwar ta sha magani ta tashi, tana nan da ranta. Tun ranar yaron ya ce shi wannan aikin zai yi, kuma saboda haka ne ma ya yarda ya zauna a boko lokacin da sa'anninsa suke gudu. Ta ce Malam, don me ba ka aiko an kira ni ba? Ta ce ubansa ko wuta ka ce za ka sa shi ba zai tanka a gabanka ba, kai ma ka sani.

Abin da na yi wa tsohuwar nan shi ne abin kunya na biyu. Fom ɗin bai daɗe da tafiya ba, yaran ba su tashi ba tukuna, da na hau keke na bi sawu da an gyara. Amma raina ya ɓaci da a ce mai tallar nono ce za ta koya mini aikina, a gaban ɗalibai suna leƙe ta taga. Na ce mata takarda ta riga ta tafi birni, abin da ya shiga hannun hukuma ba ya dawowa, kuma yaron da bakinsa ya amsa. Ta dube ni ta tambaya me ya ce. Na ce ya ce to. Sai ta yi wata 'yar dariya mara daɗi, ta ce ita ma to. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, ko sallama ba ta yi mini ba.

Yaran biyu suka tafi horo. Wata huɗu ba su cika ba sai ga ƙanin matata ya dawo da akwatinsa a ka. Ashe yaron nan ba ya iya ganin jini. Ranar farko da aka shiga da su inda ake wanke rauni ya faɗi sumamme, aka yayyafa masa ruwa, aka sake gwadawa, ya sake faɗuwa, har abokansa suka sa masa suna. Na hau shi da faɗa, na ce ya zubar mini da mutunci, don me bai faɗa mini tun farko ba? Yana kuka ya ce Yaya, ai ba ka tambaye ni ba, ka ce ne ka samo mini, ni kuma na ce to. Shi ɗinki yake so, tun yana ƙarami yake zama wurin wani tela a bakin kasuwa. A gidana yake kwana, kwano ɗaya muke ci, ban sani ba. Daga baya ya zama tela, ya yi rufin asirinsa, ya manta da zancen. Gurbin asibitin kuwa ya tafi a banza, babu wanda ya amfana da shi a shekarar.

Nan hankalina ya tashi, na ce bari in gyara. Na rubuta wasiƙa birni ina roƙon a mayar da ɗan Fulanin gurbin da ya zama wofi. Shiru. Na sake rubutawa, shiru. Na jira hutu na shiga motar gyada na tafi da kaina. Kwana uku ina zaman benci a ƙofar ofis, wannan ya ce in ga wancan, wancan ya ce mai maganar ya fita rangadi. A rana ta uku wani dattijon ma'aikaci, mutumin kirki, ya saurare ni har na gama. Ya tashi ya ɗauko fayil, ya buɗe, ya juyo mini da shi, ya ɗora yatsa a layin ƙasa. Ya tambaye ni ko na san rubutun. Ya ce Malam, mu ba mu san yaran nan ba, idonku ne idonmu, abin da kuka rubuta da shi muke aiki. Horon asibiti ya yi nisa, ba a shiga a tsakiya, baɗi kuwa shekarun yaron sun haura. Sannan a hankali ya ce in ina so a sake duba maganar, sai in rubuta cewa abin da na sa wa hannu da farko ba gaskiya ba ne. Na tsaya ina kallon wutsiyar sa hannuna. Ban rubuta ba. Na ji tsoron a sauke ni daga hedimasta, na ce masa zan yi shawara, na fito na nemi motar komawa.

Yaron ya gama horonsa da sakamako mai kyau, don shi duk abin da ka sa shi zai yi. Aka tura shi ƙasar Tudun Wada yana yi wa shanu allura. A nan hujjata ta ƙarasa rushewa. Abin da na ce shi ne cancantarsa, wato kasancewarsa ɗan ruga, shi ya zame masa masifa. A zamanin makiyaya da yawa sun ɗauka cewa duk mai kaki da ya ga garkenka, idon masu karɓar jangali ne, wato harajin shanu. Baƙon malami ana iya ɓatar da shi a daji, a nuna masa shanu goma a ce su ke nan. Amma ɗan gida ya san mashaya, ya san inda ake kai shanu in ana son a ɓoye su, yana jin abin da ake faɗa da Fulatanci a bayansa. Sai suka fi gudunsa a kan kowa. In ya doshi ruga a kan keke, kafin ya isa an kaɗa garke. Ana ce masa ɗan leƙen asiri, shi kuwa bai taɓa kai maganar kowa ko'ina ba. A ofis kuma ana ce masa aikinsa ba ya tafiya, ko dai yana rufa wa danginsa ne. Abin da ya karya shi, kamar yadda na ji daga baya, ya faru ne da ya je gida hutun Sallah. Ya isa da hantsi ya tarar da turakun shanun gidansu babu komai, ga kashi ɗanye, alamar yanzu aka kaɗa su. Baffanninsa ne suka ji yana tafe. Shanun da ya yi kiwo da ƙafarsa, ya san kowace da sunanta, su aka ɓoye masa. Ya koma bakin aiki, ya naɗe kakin, ya ɗora a kan akwatin allura a ƙofar ofis, ya ɓace.

Ni ban san an yi haka ba sai da mahaifinsa ya zo. Wata ranar kasuwa ce kuma. Ya zauna a ƙarshen bencin nan, fuska a ƙofa kamar wancan karon, ya rame. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, ya yi zancen tsadar gishiri. Sai da ya miƙe zai tafi, ya riga ya sa ƙafa ɗaya waje, sannan ya ce ko Malam yana da labarin yaron nan na makarantarku. Bai ce ɗana ba, bai kira suna ba. Ya ce wata bakwai ke nan, tsohuwa kuma ba ta da lafiya, tana yawan tambaya. Mutumin da al'adarsa ta hana shi nuna damuwa ya tako tun daga Badafi don ya yi wannan tambaya guda. Na ce masa zan nemo shi. Wannan ne karo na farko a duk al'amarin da na faɗi magana na kuma cika ta.

Na ɗauki izini na bi ta Kiru, na sami motar da ta sauke ni Tudun Wada. A can abokan aikinsa suka ce an gan shi ya yi kudu. Na isa Doguwa, wani mai shayi ya ce akwai wani dogon Bafulatani mai jin Turanci a cikin leburorin haƙar kuza a wajen Riruwai. Na ari keke, inda hanya ta gagara na tura shi da hannu. Na isa da la'asar, leburori sun tashi aiki, jikinsu duk jar laka. Na tambayi Bafulatani mai boko, babu wanda ya gane. Sai wani ya ce ko Likita nake nufi, suka yi dariya, aka nuna mini wata rumfa. Yana zaune a kan kwanon ɗaukar ƙasa da ya kife, ga gwangwani a kan murhu ruwa yana tafasa, ga gishiri a ƙullin tsumma, ga tsofaffin ƙyallaye da ya wanke ya shanya. Mutum biyar suna jira a layi. Ƙafar wani lebura tana kan cinyarsa, dutse ya fasa masa yatsa, yana wankewa a hankali yana yi masa hira don ya manta zafi. Da rana shi ma ƙasa yake ɗauka kamar kowa. Da ya gan ni ya so ya miƙe, na ce ya gama. Na tsaya a rana ina kallon hannunsa har ya sallami na ƙarshe.

Muka koma gefe mu biyu, abin da ya kamata in yi shekara uku da suka wuce. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yana aji. Na ba shi saƙon gida, ya ce zai je ya ga tsohuwa. Sai na kasa riƙe bakina, don har a lokacin ina neman wanda zan raba laifi da shi, na ce don me ranar nan a ofis bai faɗa mini asibiti yake so ba? Ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke. Ya ce Malam, ai ba tambayata ka yi ba, faɗa mini ka yi. Ya ce kuma ya ɗauka na sani, tunda har dukansa na yi a kan ɗakin shan magani. Ya ce da ya ji ban ambaci asibiti ba, sai ya zaci Malam ya duba ne ya ga ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ba, kunya ta hana shi tambaya. Wato shekara uku yaron da ya fi kowa a makarantata yana yawo da tunanin shi ne bai isa ba.

Na faɗa masa gaskiya duka. Na faɗa masa akwai gurbin, nasa ne, na ba ƙanin matata. Na faɗa masa zuwan kakarsa da abin da na ce mata, da fayil ɗin da aka buɗe mini a birni, da takardar da na ƙi rubutawa. Bai ɗago ba, tsinken dai ya daina motsi. Na ce ya yafe mini don Allah. Sai na ji kiran sallah daga barikin leburori. Sannan ya ce, "To, Malam." Ya tashi ya ɗauko mini ruwan alwala.

Na dawo gida na rubuta takardar da aka nema tun farko, na amsa cewa abin da na sa wa hannu ba gaskiya ba ne. Aka ja mini kunne, ba a ma sauke ni ba, abin da na ji wa tsoro bai zo ba. Amma takardar ba ta amfane shi da komai ba, lokaci ya wuce. Ya je ya ga kakarsa kafin ta rasu, ya koma kudu. Na rubuta masa sau biyu, bai amsa ba. Labarin ƙarshe da na samu shi ne yana can yana noma, mutane suna kai masa masu rauni, ba shi da takardar shaidar komai. Nakan zauna in yi tunanin yawan mutanen da hannun nan zai warkar da an bar shi ya koya, sai in ji haushin kaina ya taso mini sabo kamar jiya aka yi.

Shi ya sa na rubuto, domin na san cikin masu karatu akwai malamai, akwai iyaye, akwai waɗanda aikinsu ke nan yanzu, zaunar da matasa a nuna musu hanya. Ku ji tsoron Allah a kan wannan kujera, amana ce. In kana da naka a cikin masu neman abu, tashi ka ba wani ya yanke, kada ka yarda da zuciyarka, ta fi ka iya kawo hujja. Kada ka dubi sana'ar uban yaro ko asalinsa ka ce ka gama saninsa. Ka shimfiɗa masa duk abin da ke akwai, har wanda ba ka so ya ɗauka, domin ɓoye masa hanya ɗaya daidai yake da yi masa ƙarya. Ka tambaye shi a inda zai iya magana, ba a gaban wanda yake jin nauyi ba, in ka tambaya kuma ka rufe bakinka ka jira. In ka gane ka yi kuskure, gyara shi a ranar, kafin girman kai ya ce maka gobe. Ni sau biyu aka buɗe mini ƙofar gyara, tsohuwa ta buɗe, dattijon ofis ya buɗe, duka na rufe da hannuna.

Na yi shekara ashirin da wani abu ina cike fom bayan wannan, kuma duk yaron da ya ce mini "to", sai in ajiye alƙalami in ce ya je ya dawo gobe ya faɗa mini da wata kalmar. Malamai suna yi mini dariya, suna cewa hedimasta ya cika naci. Ban taɓa gaya musu dalili ba. Yanzu na tsufa, na kusa tafiya inda za a buɗe mini wani fayil ɗin, kuma har yau ban san wace irin "to" ya ce mini a gindin rumfar nan ba.